Jagora ga Injiniya Mai Neman Aiki a Babban Kamfanin Sadarwa a Legas

Manyan kamfanonin wayar salula na Najeriya a Legas suka kafa hedikwatocinsu: MTN yana Falomo a Ikoyi, Airtel yana Banana Island, Globacom kuma yana Victoria Island, yayin da hukumar da ke sa musu ido, wato NCC, take Abuja. Saboda haka matashin da ya karanta injiniyancin lantarki ko na sadarwa ko na kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, matuƙar yana son ya yi nisa a wannan fanni, ko ba daɗe ko ba jima sai ƙafarsa ta taka Legas, ko don ganawar ɗaukar aiki, ko don horo, ko don zama gaba ɗaya. Haka ma samari da 'yan matanmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda suka san garin ciki da waje amma ba su taɓa shiga ofisoshin Ikoyi ba.

Duk tambayoyin da za a yi wa injiniya a irin wannan kamfani, ko na lissafi ne ko na halayya, tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu: shin za a iya damƙa wa wannan mutum wani sashe na netwok da ƙarfe 2 na dare, shugabansa ya tafi ya yi barci da kwanciyar hankali? Ilimi yana cikin amsar, amma tare da shi ana neman mutumin da zai faɗi abin da ya gani da wuri, ya rubuta abin da ya yi, ya kuma amsa laifinsa in ya yi. A ganina, a nan ne tarbiyyarmu ta kunya da kawaici, wadda take ado a gida, take ɓoye gwanintar wasu daga cikinmu a gaban masu ɗaukar aiki.

Mataki na farko: ka san masana'antar, ka san wanda zai ɗauke ka

A watan Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Glo ya shigo a 2003 da tsarin cajin kira da daƙiƙa, Etisalat ya biyo baya a 2008 kafin ya koma 9mobile a 2017, shi kuwa Econet ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010. A watan Disambar 2021 aka yi gwanjon zangon igiyar rediyo na gigahaz 3.5 don 5G, MTN da Mafab suka ci. MTN ya ƙaddamar da 5G ɗinsa a 2022, Airtel kuma, wanda ya sami nasa lasisin daga baya, a 2023. Ba za a ce ka zuba wannan tarihi kamar hadda ba. Amfaninsa shi ne ka gane cewa sabuwar fasaha ba ta kori tsohuwa ba: 2G da 3G da 4G da 5G duk suna aiki a lokaci guda, wani lokaci a kan ƙarfen sabis ɗaya, kuma injiniyan da ya raina 2G ya manta da ɗimbin masu ƙananan wayoyi da masu tura kuɗi ta lambobin USSD.

Abin da ya fi tarihi muhimmanci shi ne yadda aka raba aikin. Ƙarfen sabis da kake gani a unguwa galibi ba mallakar kamfanin layin ba ne. Kamfanoni irin su IHS da ATC ne ke da dubbansu, suna ba da haya, su ne kuma ke kula da janareta da dizal da batura. Na'urorin da ke kan ƙarfen da cikin ɗakunan injuna daga Huawei ko Ericsson ko Nokia ko ZTE suke fitowa, kuma sau da yawa injiniyoyin waɗannan kamfanoni ne ke gudanar da su a madadin mai lasisi. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan 'yan kwangila masu haƙa ramin faiba, wato wayar da ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, da masu hawa ƙarfe. Mutum yana iya zama shekaru a ginin babban kamfani, yana rataye da katin shiga mai tambarinsa, alhali wani kamfanin samar da ma'aikata ne yake biyan sa albashi. Wannan ba aibi ba ne, ƙofa ce da mutane da yawa suka shiga ta cikinta, amma dole ka san ta wace ƙofa kake shiga tun kafin ka ɗauki jaka daga Kano.

Sannan ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne ke juya komai a ofis. Shekara tana da sa'o'i 8,760. Idan aka yi alkawarin netwok zai kasance a tsaye kashi 99.9 cikin 100, abin da aka yarda ya faɗi bai kai sa'o'i 9 ba a shekara, idan 99.99 ne, kusan minti 53 ke nan, idan 99.999 ne, minti 5 da 'yan daƙiƙu. Abubuwan da ke cinye waɗannan mintuna a Najeriya sanannu ne: masu aikin titi da ke tsinka faiba, ɓarayin batir da dizal, da rashin tsayayyar wutar lantarki. Tsananin matsalar ne ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Mataki na biyu: takardu

Takardar bayanin kai, wadda kowa ke kira CV, kada ta wuce shafi biyu, kuma aikin da ka yi da hannunka ne zai zo a sama. Wanda ya rubuta cewa ya yi aikin koyon sana'a na wata shida a kamfanin sadarwa bai faɗi komai ba. Wanda ya rubuta cewa ya taimaka wajen haɗa faiba a tashoshin sabis 12, ya auna asarar haske da na'urar OTDR mai gwada lafiyar faiba, ya rubuta rahoton kowace tasha, shi ne ya ba mai karatu abin da zai tambaye shi a kai. Kada ka saka abin da ba za ka iya karewa ba, domin daga cikin takardarka za a ciro rabin tambayoyin.

Shaidar kammala bautar ƙasa, ko ta keɓewa daga yin ta, wajibi ce. Takardun ƙwarewa irin su CCNA na Cisco da HCIA na Huawei suna ƙara wa sabon ɗalibi nauyi, musamman idan ya yi gwaje-gwajen da kansa a manhajoji irin su Packet Tracer ko GNS3. Rajista da COREN, hukumar da ke tsara aikin injiniya a ƙasar nan, tana buƙatar shekarun ƙwarewa bayan kammala karatu, saboda haka ba a sa ran sabon shiga yana da ita, amma ana so a ji yana da niyya.

Akwai wata matsala da ta fi damun 'yan Arewa, wadda ake rainawa har sai ta hana mutum aiki: rashin daidaiton suna. Takardar sakandare ta ce Muhammad, ta jami'a ta ce Mohammed, katin NIN ya ce Muhammed, banki kuma ya sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. Manyan kamfanoni suna tantance takardu kafin su tabbatar da ma'aikaci, kuma jami'in da bai saba da sunayenmu ba yana iya ganin mutum uku a inda mutum ɗaya yake. Ka gyara abin da zai gyaru, ka yi rantsuwar kotu a kan sauran, tun kafin a kira ka.

Ka nemi aikin ta shafin kamfanin na intanet ko shafinsa na LinkedIn. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, ko kuɗin horo, ko na goro don a saka sunanka, ɗan damfara ne, ko da kuwa da Hausa ya yi maka magana ya kuma ambaci sunan unguwarku.

Mataki na uku: jarrabawar share fage

Masu neman gurbin sababbin ɗalibai yawanci da jarrabawar kwamfuta ake fara tace su: lissafi, fahimtar rubutun Turanci, da tambayoyin auna tunani. Ba wuyar tambayoyin ce ke kayar da mutane ba, ƙarancin lokaci ne. Ka yi atisaye da agogo a gabanka, ka koyi tsallake tambayar da ta riƙe ka. Idan daga gida za a yi, ka tanadi cikakken caji da layi biyu na kamfanoni daban-daban, ka zauna inda ba hayaniya, domin wasu jarrabawowin suna kunna kyamara suna lura da motsinka.

Mataki na huɗu: shirin tambayoyin fasaha

Ka fara da tantance sashen da gurbin yake, domin injiniyan rediyo da na jigilar bayanai da na cibiyar netwok da na wuta ba tambaya ɗaya ake yi musu ba. Mai neman sashen rediyo ya san dalilin da ya sa zangon megahaz 700 da 800 da 900 yake tafiya nesa yana ratsa bango, na 2600 da 3500 kuma yake ɗaukar bayanai da yawa amma a gajeren zango. Ya san yadda kira ke sauka daga wata eriya zuwa wata ba tare da ya yanke ba, da abin da karkata eriya ƙasa yake yi wa faɗin sabis. Mai neman sashen IP, wato mai kula da adireshin intanet da hanyoyin da bayanai ke bi, ya iya raba adireshi da ka, ya faɗi nan take cewa rukunin adireshi mai alamar /26 yana ba da adireshi 64, 62 daga ciki ne ake raba wa na'urori, ya kuma bambanta tsare-tsaren zaɓar wa bayanai hanya, wato aikin OSPF a cikin gida da na BGP tsakanin kamfanoni. Mai neman sashen jigila ya san cewa faiba tana asarar kusan desibel 0.35 a kowace kilomita a kan nanomita 1310, da kusan 0.2 a kan 1550, kuma duk asarar desibel 3 rabin ƙarfi ne ya tafi. Kowa kuwa ya san cewa na'urorin tasha da wutar DC, irin ta batir, mai bolt 48 suke aiki.

Waɗannan duk a littafi suke. Inda ake rarrabe mutane shi ne tambayar yanayi, irin wannan: "Kana kan aikin dare a cibiyar sa ido, da ƙarfe 2 tashoshi 20 suka faɗi lokaci guda a yankin Ikorodu. Me za ka yi?" Raunanan amsoshi iri biyu ne. Wani zai ce zai kira shugabansa, ya yi shiru. Wani kuma zai yanke hukunci nan take ya ce faiba ce, ba tare da ya duba komai ba.

Kyakkyawar amsa a bayyane take tafiya, mataki bayan mataki. Tashoshi 20 ba sa faɗuwa tare bisa haɗari, saboda haka abu na farko shi ne neman abin da ya haɗa su, kuma galibi wata babbar tasha ce da dukkansu ke bi ta kanta. Sai a duba jerin ƙararrawar wannan tasha bisa tsarin lokaci. Idan an ga wutar gari ta ɗauke tun ƙarfe 10, janareta bai tashi ba, ƙarfin batir ya yi ta sauka daga kusan bolt 54 har ya doshi 44 kafin tashar ta yi shiru, to matsalar wuta ce, kuma kamfanin da ke kula da ƙarfen za a tasa. Idan wuta lafiya lau take amma haske ya ɗauke a mashigar faiba farat ɗaya, to an tsinka waya, sai a tambaya me ya sa hanyar ko-ta-kwana ba ta karɓi aikin ba, a kuma tura masu OTDR su auna nisan inda ta yanke. Idan hanyar maikrowef ce, wato mai tura sigina ta iska daga tasha zuwa tasha, kuma ana tafka ruwa irin na watan Yuni a Legas, ƙarfin sigina yana sauka a hankali, to ruwan ne ke shanye shi, zai dawo idan an ɗauke. Tambayar da gogaggu ke jiran su ji daga bakinka ita ce: shin akwai wanda ya taɓa wani saiti a daren nan? Bayan haka sai ka ambaci buɗe tikitin matsala (wato shigar da ita a rubuce a tsarin kamfani, a ba ta lamba), sanar da shugaba a cikin lokacin da ƙa'ida ta tsara, ba da rahoto a kai a kai, da rubuta musabbabin abin bayan an gyara.

Yana da kyau ka iya kawo misali daga abin da ya faru a zahiri. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har bankuna suka ji a jikinsu. Waɗanda suke da hanya ta wasu wayoyin, irin su Glo-1 da Equiano na Google wanda ya iso Legas a 2022, sun fi saurin farfaɗowa. Darasin da injiniya zai ciro shi ne hanya biyu da suka bi ta wuri ɗaya, a teku ne ko a ramin gefen titi, hanya ɗaya ce.

Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya yi kame-kame a ganawa, masu tambaya sun san haka zai yi a gaban na'ura.

Mataki na biyar: ranar ganawa

Lissafin hanya a Legas da sa'o'i ake yin sa. Wanda ya sauka a Agege yana iya hawa jirgin ƙasa na jan layi zuwa Oyingbo, daga nan ya nemi motar Obalende. Wanda yake wajen Alaba Rago ya zo Mile 2 ya hau na shuɗin layi zuwa Marina. Dukansu da katin Cowry ake biya, kamar motocin BRT. Mai bin gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, ya fito bayan sallar asuba kai tsaye. Kada ka sa ran ɗan acaɓa zai cece ka idan ka makara, domin an hana su aiki a Ikoyi da Victoria Island. Banana Island kuwa unguwa ce mai ƙofa da masu gadi, ba a shiga sai an tabbatar ana jiran ka, saboda haka ka riƙe saƙon gayyatar da katin shaida a hannu. Idan kana da ɗan'uwa a Obalende, kwana a wurinsa ya fi komai sauƙi.

Game da sutura, kwat ko riga da wando masu duhun launi su ne abin da aka saba gani. Kaftani mai tsabta da guga ba laifi ba ne, amma babbar riga ka bar ta sai ranar biki. Mace ta sa hijabinta ko mayafinta mara ado da yawa, ba wanda zai hana ta. Wanda ba ya musabaha da wani jinsi ya riga su yin gaisuwa, ya dafa ƙirji da murmushi kafin a miƙo hannu, domin barin hannun mutum a miƙe yana ɓata farkon zama.

A gida an koya mana sunkuyar da kai a gaban babba da sassauta murya. A ɗakin ganawa ana fassara wannan da rashin tabbas ko ɓoye wani abu. Ka dubi mai tambaya, ka ɗaga murya daidai yadda na ƙarshen teburi zai ji, ka yi magana a hankali. Da Turanci za a yi komai, kuma ba wanda ke neman ka da lafazin Ingila, sai dai kalmomin aiki masu harafin p da f, waɗanda harshenmu ke gauraya su, ka yi atisayensu don kada a yi ta cewa ka maimaita.

Abu mafi wuya ga mai kunya shi ne cewa "ni na yi". Mun saba da "mun yi", muna ganin ambaton kai yabon kai ne. Masu ganawa kuwa ba ƙungiyarku za su ɗauka ba, kai za su ɗauka. Idan aka ce ka ba da labarin wata matsala da ka warware, ka bi wannan tsari: halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, abin da ka yi da kanka, da yadda aka ƙare. Misali: "Lokacin bautar ƙasa, intanet na ofishinmu yana yankewa kullum da rana. Aka ce in bincika. Na rubuta lokutan yankewar na mako guda, na ga sun dace da lokacin da ake komawa janareta, na auna na tarar batirin na'urar riƙe wuta ya mutu. Na rubuta wa shugabana, aka sauya shi, matsalar ta ƙare." Babu fahariya a cikin wannan, bayani ne kawai. Za a kuma tambaye ka lokacin da ka yi kuskure ko ka saɓa da shugaba. Wanda ya ce bai taɓa yi ba ya faɗi tambayar.

Da aka ba ka dama a ƙarshe, ka yi tambaya biyu masu ma'ana: yadda ake juya aikin dare a sashen, da irin horon da ake ba sabon shiga.

Mataki na shida: albashi da takardar ɗauka

Ka bambanta jimillar albashi na shekara da abin da zai shigo asusunka a wata bayan an cire haraji da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, ta kuma wajabta wa kamfani yi wa ma'aikaci inshorar rai. Ka tambaya ko inshorar lafiya ta haɗa da iyali, ko akwai alawus na aikin dare da na fita fili, da tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwa kafin barin aiki. Sannan ka auna abin da ya rage da kuɗin haya, wanda a Legas na shekara guda ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali da na yarjejeniya a kai. Albashin da zai yi auki a Katsina yana iya ƙarewa a haya da mota a nan. Neman ƙari cikin ladabi, tare da hujja, ba rashin godiya ba ne. Kada ka ajiye aikin da kake yi sai takardar ɗauka mai sa hannu ta zo hannunka, ka kuma karanta sunan kamfanin da ke samanta.

Mataki na bakwai: watannin farko a ofis

A wasu manyan kamfanoni ana kiran shugaba da sunansa kai tsaye, abin da ke yi wa Bahaushe nauyi a baki; a wasu kuma "oga" da "sa" da "ma" ne ke yawo. Ka saurari yadda tsofaffin ma'aikata ke yi, ka bi. Idan ka tarar da babba ɗan Arewa, ka gaishe shi da Hausa a baranda, "ranka ya daɗe, barka da asuba", amma a wurin taro ku koma Turanci, don kada sauran su ga kamar kun ware. Koyon gaisuwar Yarbanci da ɗan Turancin buroka yana buɗe ƙofofi, musamman wajen direbobi da masu gadin tasha, waɗanda aikin fili ba ya tafiya sai da su.

A wannan aiki, abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Idan shugaba ya ba ka umarni da baki, ka bi shi da gajeren imel mai tabbatar da abin da ka fahimta. Ba a taɓa saitin netwok mai aiki sai da takardar izinin canji da aka amince da ita, a cikin lokacin da aka ware, wanda yawanci tsakar dare ne zuwa kafin asuba, bayan an adana tsohon saiti an kuma tsara yadda za a koma kansa idan abu ya ɓaci. A lokutan bukukuwa, kamar ƙarshen shekara, akan dakatar da canje-canje gaba ɗaya. Sabon injiniya da ya ga ɗan kuskure ya gyara shi da rana tsaka don ya burge, ko da gyaran ya yi daidai, ya karya doka.

Kawaici a nan yana da tsada. Mun taso muna jin nauyin tashin babba daga barci da kai masa mummunan labari, amma shugaban da ya ji labarin faɗuwar netwok daga bakin nasa shugaban kafin ya ji daga gare ka ba zai manta ba. Ka kira, ka taƙaita: "Yallaɓai, a gafarce ni da tashin dare. Tashoshin Ikorodu 20 sun faɗi tun 2 da minti 10, na buɗe tikiti, alamu sun nuna faiba ce, ma'aikatan fili suna hanya, zan sake kira 2 da minti 40." Idan hannunka ne ya jawo matsalar, ka faɗa a wannan kiran, domin na'urori suna ajiye sunan duk wanda ya shiga da abin da ya rubuta.

Wannan ajiyar suna ta shafi wata jarrabawa da za ta zo maka daga gida. Da zarar an ji kana aiki a kamfanin waya, wani zai ce an sace wayarsa ka duba masa inda take, wata za ta ce ka ciro mata jerin kiran mijinta, wani kawu zai nemi sunan mai wata lamba. Duk haramun ne a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ƙa'idojin NCC, kuma korar aiki ce mafi sauƙin hukuncinsa. Amsa ɗaya ce: "Kawu, ka yi haƙuri, ba ni da ikon wannan, sai ta hannun 'yan sanda." Kamfanonin ba sa wasa da dokokin hukuma tun bayan tarar naira tiriliyan 1.04 da NCC ta ci MTN a 2015 saboda layuka sama da miliyan 5 marasa rajista, wadda daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 330. Haka kuma kyautar ɗan kwangilar da kai ne ke sa hannu a kan aikinsa, ko sunanta goron Sallah, ka mayar ko ka bayyana ta a rubuce.

Salla ba ta zama matsala ga wanda ya tsara ta. Ka gaya wa shugabanka tun makon farko cewa za ka riƙa fita na 'yan mintuna don Azahar da La'asar, da kusan sa'a guda ranar Juma'a, ka kuma tabbatar wani yana kallon allonka kafin ka tashi. Ka karɓi aikin Kirsimeti da Ista da hannu biyu, abokan aikinka za su riƙe maka na Sallah. Da azumi, masu aikin fili su nemi a sa hawan ƙarfe da safe. Kada ka hau ba tare da horo da ɗamarar kariya da hular kwano ba, kada ka hau ana hadari, kada kuma ka tsaya gaban eriyar da ke aiki. Idan samarin unguwa suka tare ku a tasha suna neman kuɗi, ba aikinka ba ne ka yi musu da su. Ka janye, ka kira sashen tsaro.

Tun daga ranar farko ka buɗe littafi kana rubuta abin da ka yi, da kwanan wata da lambar tikiti da sakamako. Da shi za ka kare kanka ranar auna ƙwazo, inda ake tambayar kowa abin da ya cim ma a kan manufofin da aka sa masa, da shi kuma za ka rubuta rahoton ƙwarewa idan lokacin rajistar COREN ya yi. Idan burinka shi ne a mayar da kai ofishin shiyya a Kano ko Kaduna ko Abuja, ka bari sai an tabbatar da kai kafin ka ɗaga maganar. Da lokacin gwaji ya cika, ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata ka nemi takardar tabbatarwa, ka ajiye kwafinta tare da takardar ɗauka.